Ƙugun da Ya Ƙi Juyawa

Akwai wani irin girman kai da ke sa rigar kunya ya shiga cikin mutane, har marasa wayo su riƙa yaba masa. Mai wannan ciwo ba ya yarda a ambaci rabin jikinsa a gabansa. Kai ka ce daga cibiya zuwa sama kaɗai aka halicce shi, sauran kuwa aro ya yi a maƙwabta, yana jin nauyin a gan shi da kayan mutane. Wannan ciwo ne ya kama wani mai gidan burodi, kuma bai sake shi da daɗi ba.

Damtse ake kiransa. Tun yana saurayi ya sami sunan, zamanin da babu injin kwaɓi, shi ke nutsa hannu cikin fulawa har gwiwa ya yi ta dambe da ita sai ta yi laushi. Da ya manyanta ya sayi inji, ya ɗauki ma'aikata, ya ajiye tumbi, amma bai daina naɗe hannun riga ba ko sanyi ake, don kada wani ya wuce bai ga baiwar da aka yi masa ba. Bayan hannuwan nan, abin da ya fi ji da shi a duniya gashin bakinsa ne. Ya yi furfura, ya kwanta luf ya rufe leɓen sama, gefe da gefe kuma ya lanƙwasa kamar ƙahon rago. Matarsa ma, da suka tara 'ya'ya da jikoki, ba ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinsa ba.

A gidan burodinsa akwai doka, ba a rubuce take ba, don in zai rubuta ta dole ya ambaci abin da ya hana. Ba a cewa gindi. Ba a cewa ƙugu, ba a cewa kwankwaso ko cinya, balle uwa-uba duwawu. Duk abin da ke ƙarƙashin bel, sunansa ƙasa. Wani mai gasa burodi ya taɓa leƙa tanderu ya ce, "Maigida, burodin nan gindinsa ya ƙone." A gida ya ƙarasa yininsa ranar. Tela in ya zo gwada shi sai ya naɗe tef ɗinsa a ladabce ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa ta ɗan ƙaru." Allura kuwa ko za a mutu sai dai a yi masa a hannu.

Ana nan sai likita ya ce sukarinsa ya hau, lallai ya riƙa tafiya a ƙafa. Damtse ya ce shi ba zai yi ta gararamba a titi ba kamar wanda motarsa ta mutu. Sai abokinsa na ƙuruciya, wani likitan haƙori da ake wa laƙabi da Filaya, ya ja shi filin golf, inda ake ɗora 'yar farar ƙwallo a kan tsinke, a make ta da sanda mai kan ƙarfe, a bi ta a ƙafa har a jefa ta rami.

"Can tafiyar mutunci ce," in ji Filaya. "Kana yi da sanda a hannu, ba mai tsayawa ya ce zai rage maka hanya."

Damtse ya je ya ga Filaya, mutumin da bai fi tsinken sakace kauri ba, yana cilla ƙwallo har ido ya daina ganinta. Ya dubi nasa hannun ya yi murmushi a ƙarƙashin gashin baki. Ya kafe ƙafafu kamar ginshiƙan rumfa, ya ɗaga sanda ya sauke da duk ƙarfin da ya tara a kwaɓi. Ƙwallo ta yi ɗan tsalle ta lanƙwasa dama ta shige cikin itatuwa. Haka ta yi washegari, haka ta ci gaba da yi. A tsakiyar filin akwai wani tafki da ake tsallakar da ƙwallo ta kansa, kuma tun da Damtse ya fara wasan ba ta taɓa tsallake masa ba.

Wata Asabar suka haɗu a shagon mai aski. Damtse na kan kujera an ɗaura masa zane a wuya, Filaya na kan benci yana jiran layi.

"Mai Aski, yi a hankali da gashin bakin nan," in ji Filaya. "Shi kaɗai ke motsi a jikin mutumin in zai bugi ƙwallo."

"Kai da kake yini cikin warin bakin mutane, har kana da bakin magana?" in ji Damtse.

"Ina da shi mana. Kwaɗin tafkin nan sun ce in gaishe ka. Sun ce ƙwayayen da kake aiko musu kullum sun yi yawa, kuma har yanzu ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba."

Masu jiran aski suka fashe da dariya. Damtse ya ji ta har cikin ransa. Ya fito da hannu daga ƙarƙashin zanen ya ɗaga shi.

"Ka ga wannan? Shi ya kwaɓa burodin da ya raine ka. Ranar gasar dattawa, a gaban iyalinka da nawa, zan tsallakar da ƙwallo ta kan tafkin nan. Ƙwallo ɗaya, bugu ɗaya. In ta tsallake, Mai Aski ya kwashe wannan kwaltar da kake shafa wa kanka, tas, kowa ya ga shekarunka."

Filaya yana rina gashinsa baƙi ƙirin, kuma yana rantsuwa haka aka haife shi. Ya shafa kai ya ce, "Na yarda. In ta faɗa ruwa fa?"

Almakashin Mai Aski na daidai bakin Damtse a lokacin. Filaya ya nuna da leɓe. "Wannan nake so."

"A aske!" in ji Damtse. Bakinsa ne ya riga hankalinsa, kuma shagon cike yake da shaidu.

"Ni dai zan zo da rezata da sabuluna," in ji Mai Aski. "Duk wanda ya faɗi, nawa ne."

Da Damtse ya koma gida ya tsaya gaban madubi yana kallon gashin bakin da ya jinginar. Ya aika a kira masa mijin autarsa, wanda ke aikin gashin ƙashi a asibiti, kuma kowa a filin ya san ya iya golf. Mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Tun da ya shigo dangin bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, kuma Auta ta karanta masa dokar gidan tun kafin a ɗaura aure.

Suka je wurin gwaji. Damtse ya buga, ƙwallo ta yi dama. Mijin Auta ya ga ciwon tun a bugun farko, amma maganin yana cikin kalmomin da aka hana. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, hannun ba shi da laifi. Sai dai ƙarfin bugu daga ƙasa yake tasowa."

"Daga ƙasa?"

"Daga ƙasa, Baba. In da hali a ɗan yi amfani da ita."

Damtse ya dubi ciyawar da ke gabansa ya gyaɗa kai. Ya ɗaga sanda ya narka wa ƙasa. Wani ɓangaren ciyawa da saiwarsa da laka ya tashi ya yi gaba, ƙwallo kuwa ta gangara kamar taku biyu ta tsaya.

"Ba haka ba, Baba. A bar ƙasa ta fara tafiya, hannu ya biyo baya."

"To ba ga ta can ta tafi ba? Har ta fi ƙwallon nisa. Me kuma kake so?"

"A'a, ƙasar da nake nufi... ta jiki..."

"Ta ji ki? Wa ta ji? Kai, buɗe baki ka yi magana kamar namiji!"

Mijin Auta ya buɗe baki, ya dubi gashin bakin nan, ya rufe. Aka ci gaba da haka. Duk yamma Damtse na haƙa, surukinsa na zufa, har mai kula da ciyawar filin ya zo ya tsaya a kansu ya tambaya cikin ladabi ko wani abu za a shuka, ya kawo ruwa.

Mijin Auta ya kai kuka wurin matarsa, ita kuma ta kai wurin gwaggonta, yayar Damtse. Tsohuwa ce mai dogara sanda, wadda ba ta taɓa tsoron kowa ba, kuma ita kaɗai ce a duniya ke kiransa ɗan nan. Da azahar ta shigo gidan burodi ta taso mijin Auta a gaba. Ta tarar da ƙanenta a ɗakin ajiyar fulawa yana duba buhuna, ta ja ƙofa amma ba ta rufe ta duka ba.

"Ɗan nan, an ce ka koma noma."

"Yaya, maganar maza ce wannan."

"Rufe mini baki." Ta juya wurin mijin Auta. "Kai kuma, tunda ba ka iya dubansa, juya ka dubi buhu. Ni za ka gaya wa. Me ke damun bugunsa?"

Mijin Auta ya juya ya fuskanci buhuna kamar wanda aka sa horo. "Gwaggo, in za a ɗaga sanda, nauyin jiki ya koma ƙafar dama, sai kuma... ya juya."

"Wa zai juya?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. "Ƙugu."

"Ƙugu!" in ji ta, da muryar da ta kai har wurin tanderu. "Ka ji? Ƙugunka ake nufi, ba gonar mutane ba."

"Yaya! A gidan nan ba a..."

"Ni na wanke maka su kana tsumma, yau ni za ka hana in kira sunansu? Ci gaba, ɗana."

"Kafin hannu ya sauko, sai a taka ƙafar hagu da ƙarfi, ƙugun ya buɗe ya fuskanci inda ake so ƙwallo ta je, dunduniyar dama ta tashi. Shi ke ja, Gwaggo. Hannu bi yake kawai, kamar bulala."

"Duwawun fa? Mene ne aikinsu?"

Kunnuwan mijin Auta suka ɗauki zafi. "Su ne injin, Gwaggo."

"Su ne injin! Ka ji ko? Shekara da shekaru kana zaune a kan inji kana fama da hannu."

A waje wani ma'aikaci ya saki gwangwani ya faɗi, aka ji ana ƙunshe dariya da tari. Mijin Auta, tunda bakin ya riga ya buɗe, ya ƙara wa buhun bayani: "In kuma aka kafe ƙafa aka daskare ƙugu aka ja da hannu kaɗai, ƙarfin ba shi da wurin zuwa, a kwankwaso yake sauka. Ina ganin irinsu a asibiti."

"Ku fita," in ji Damtse. "Ku fitar mini daga sito, dukanku."

Yaya ta ɗauki burodi guda mai zafi a kan hanyarta ta fita, ba ta ko waiwaya ba.

Ya daɗe a tsaye yana huci. Da ma'aikata suka tafi cin abinci, sai ya ɗauko dogon katakon nan mai faɗin baki da ake zura burodi da shi cikin tanderu, don ya nuna wa kansa cewa ƙarya suke. Ya kai shi baya, ya tura gaba kamar yadda ya yi tun yana saurayi. Sai ya tsaya cak. Ya sake yi a hankali, wannan karon yana sauraren jikinsa. Ƙafar dama ta ɗauki nauyi, ta miƙa wa ta hagu, abin nan da ba a faɗa ya juya ya ja kafaɗa, sannan hannu ya bi. Ya ajiye katakon ya ɗaga buhun da ya rage rabi ya wurga shi kan tari. Haka dai. Ashe duk shekarun nan wani ke aikin, wani ke karɓar yabo. Ya dubi damtsensa kamar yadda ake duban ma'aikacin da aka kama yana barci a bayan buhuna.

Washegari da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, ya tafi filin shi kaɗai. Ya duba gabas da yamma bai ga kowa ba. Ya tsaya bakin tafki, ya ɗora ƙwallo a kan tsinke, ya ce wa kansa tanderu ne a gabansa. Ya kai sanda baya, ya taka hagu, ya saki jiki. Wata irin ƙara ya ji, siririya mai daɗi, wadda sandarsa ba ta taɓa yi ba. Ƙwallo ta tashi sama ta miƙe sak, ta wuce tafki ta wuce ciyawar bakinsa ta sauka can gaba tana gangarawa. Ko ƙarfi bai sa ba. Ya sake ɗora wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Baki har kunne, ya tsaya yadda bugun ya bar shi, tumbi na kallon gaba, ƙugu a murɗe, dunduniyar dama a sama, yana kallon nisan da ya yi.

Sai ya ji tafi a bayansa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Filaya ne, ya fito daga bayan shingen furanni. Ya ga ƙwallayen nan biyu, kuma yana gama tafin hannunsa na hagu ya koma kan baƙin gashinsa. Amma sun taso tare, ya san inda abokinsa ke da ƙaiƙayi.

"Tubarkalla! Ashe rawa ka iya ka ɓoye mana? Dubi yadda ka karya shi, don Allah. Tsaya haka, kada ka motsa. Wallahi ko 'yan matan da ke tallan kaya a talabijin ba su kai ka ba."

Damtse ya sauke dunduniya da sauri ya ja riga ƙasa. "Ka dai ga inda ta sauka."

"Wa ke kallon ƙwallo? Ni ta baya na tsaya, kuma na ƙoshi. Ranar nan zan gaya wa mutane su zo da wuri su sami wuri mai kyau."

Ya tafi yana girgiza nasa ɗan ƙugun da bai fi na zakara ba, yana waƙa a hanci.

Daga ranar Damtse bai ƙara samun sukuni ba. In ya tuna ƙarar sandar nan sai ya shafa gashin baki ya ji ya tsira. In ya tuna dunduniyarsa a sama, sai murnar ta koma ciki. Ya tsaya a ɗaki ya juya wa madubi baya ya leƙa ta kafaɗa don ya ga abin da Filaya ya gani. Matarsa ta shigo da shayi ta same shi haka, ta ajiye ta fita tana ƙunshe dariya.

Ranar gasa ta zo. A al'adar filin, 'yan kallo a gefe suke zama. Ranar kuwa Damtse ya tarar an kwashe kujerun an jera su a bayan wurin bugu, daidai inda zai juya musu baya, wai Filaya ya ce rana ce ke dukan mata a ido. A sahun gaba ga matarsa, ga Auta, ga uwar mijin Auta da ƙannenta mata, ga matar Filaya da ƙawayenta da mafitai a hannu. Yaya na tsakiya ta dogara haɓa a kan sanda. A baya ma'aikatan gidan burodi ne tsaye, fulawa ba ta gama fita daga girarsu ba. Mai Aski na gefe a kan benci, ya shimfiɗa tawul ya jera reza da sabulu da kwanon ruwa.

Mijin Auta ya matso ya miƙa masa sanda, ya yi ƙasa da murya. "Baba, kamar yadda aka yi bayani. A saki kawai."

"Na sani," in ji Damtse. Kuma ya sani ɗin. Babu abin da ya ɓace masa, daga ƙafar dama har zuwa dunduniya.

Ya durƙusa ya kafa tsinke ya ɗora ƙwallo. Ya tashi ya gyara tsayuwa. Tafki na gabansa, bai fi faɗin da ya tsallake rannan da sassafe ba.

"Jama'a, a yi shiru!" in ji Filaya. "Kada kowa ya wahalar da wuyansa wajen neman ƙwallo a sama. Kowa ya sa ido a ƙasa. Masu waya ku ɗaga, ba kullum ake samu ba."

Wata daga cikin ƙawayen ta yi ƙiƙi ta toshe baki da mafici. Wani ma'aikaci ya yi tari. Damtse ya ji idanun nan duka sun taru a wuri guda a jikinsa, har wurin ya ɗauki ɗumi kamar an kusantar da shi ga tanderu. Uwar surukinsa na nan. Wanda ya kora gida saboda burodin da ya ƙone yana nan, ya ɗaga waya.

"Ɗan nan," in ji Yaya, "juya abinka ka buga mu tafi gida. Kowa a nan yana da irinsu, a kansu ma muke zaune."

Da ta yi shiru da wataƙila ya juya. Amma dariyar da ta biyo bayan maganarta ita ta ƙarasa shi. Ya jingina sanda a ƙafa, ya kama bel ya ƙara matse shi har numfashi ya yi masa wuya. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Ya buɗe ƙafafu ya dasa su a ciyawa, ya ƙulle gwiwa, ya daskare duk abin da ke ƙasa da cibiya. Mijin Auta ya ga haka ya rufe ido.

Damtse ya ɗaga sanda ya sauke da ƙarfin da bai taɓa sa wa kwaɓi ba.

Ƙara biyu aka ji. Ta farko ta sanda ce da ta daki kan ƙwallo, ƙwallon ta yi tsalle-tsalle kamar ɗan akuya ta gangara ta shige ruwa, ko fantsama ba ta yi sosai ba. Ta biyu daga bayan Damtse ta fito, ƙas, kamar an karya busasshen burodi. Sanda ta faɗi. Ya dafa gwiwoyi ya tsaya a sunkuye, kai a ƙasa, abin da yake ɓoyewa kuwa ya miƙe sama sosai yana fuskantar sahun gaba. Ya yi yunƙurin miƙewa, wani abu ya soke shi tun daga baya har yatsan ƙafa, ya koma yadda yake. A haka ya tsaya, tsayuwar da ta fi ta bugu tsawo nesa ba kusa ba, kuma babu wayar da ta sauka.

Mijin Auta ya ruga ya durƙusa kusa da kansa. "Baba, ina ne ke ciwo?"

"Ƙasa."

"Ƙasa ta ina, Baba? Sai na san wurin kafin in taɓa."

"Ƙasa na ce maka!"

Mijin Auta ya ɗan danna wani wuri da yatsa.

"Wayyo kwankwasona!" Damtse ya kurma ihu. "Kwankwaso ne, ɗan banza, har duwawun hagu! Cire hannunka!"

Ma'aikatan suka dubi juna. Wanda aka taɓa kora ya ce a hankali, "Maigida ne ya faɗa, ba ni ba."

Mutum huɗu suka ɗauke shi a lanƙwashe kamar kujera, suka kwantar da shi a gefe ɗaya a kan bencin Mai Aski. Filaya ya ga abin ya wuce wasa, ya tsorata, ya zo yana shafa baƙin gashinsa da ya tsira.

"A bar askin nan," in ji shi. "Abokina ne, ya ji jiki. Na yafe."

Damtse ya buɗe ido ɗaya, ransa ya ɗan dawo.

"Ba ka isa ba," in ji Yaya. Ta taso tana dogara sanda. "Da bai sani ba ne da ni zan roƙa masa. An gaya masa, da bakina na fassara masa. Ya san hanya ya ƙi bi, don kada matan mutane su ga yana da abin zama. Mai Aski, me kake jira? Ruwanka zai huce."

Damtse ya nemi matarsa da ido ko za ta sa baki. Ta gyara zama ta ce, "Ni dai dama ina son in gani."

Mai Aski ya shafa sabulu. Bai ɗauki lokaci ba, don abin da aka yi shekaru ana tarawa ba ya wuyar kwashewa. Da ya goge da tawul sai ga wani ɗan siririn leɓe fari fat, mai ɗan tsini a tsakiya, irin na jariri mai shirin kuka. Matarsa ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa Auta, "Ashe nan kika samo naki."

Ga abin da ya rasa, a ƙirge. Ya rasa gashin baki, kuma da ya sake tsirowa tsilli-tsilli ya fito, bai ƙara lanƙwasa ba. Ya rasa kwankwaso, ya yi makonni a kwance rub da ciki, kullum da safe mijin Auta na zuwa ya zame masa wando ya yi ta murza wurin da tafin hannu, Yaya na bakin ƙofa tana tambaya ko ya yi laushi. Ya rasa golf, don asibiti sun ce shi da sandar nan har abada, ya koma tafiya a titi, masu mota na tsayawa suna tambaya ko a rage masa hanya. Ya rasa dokarsa, yanzu a gidan burodinsa kowa na kiran komai da sunansa, wasu ma ba don buƙata ba. Ya rasa sunan Damtse, daga mai gadi har masu zuwa sarin burodi Baba Ƙasa suke ce masa. Ya kuma rasa ƙwallo ɗaya, sabuwa fil, tana cikin tafki.